Fuljan da Kabarin Mijinta

Idan ka zo Hijolkandi ka tambayi Fuljan, ba wanda zai gane wa kake nufi. Ka ce Maman Jorna mai agwagi, yanzu a nuna maka hanya. Ni Jobeda, dangar gora ce kawai tsakanina da ita tun muna amare, ina soya guggurun shinkafa a yashi mai zafi, tana korar agwaginta daga buhuna tana ba ni haƙurin da bai kai zuci ba. Na san ta ciki da waje. Mace ce da ko agwagwar maƙwabta ce ta yi ƙwai a gidanta sai ta mayar da shi, don tsoron cin haram. To wannan baiwar Allah ce aka wayi gari, da furfura a kanta da ɗa mai shirin aure, ta tarar tana da maza biyu, duka da ransu. Har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Kuma lambar yabon gwamnati ce ta tono abin.

Mijinta na fari shi ne Hekmot Pramanik, ɗan gajere, kafaɗarsa ta hagu a sauke, da tabon lauje a gira. Manomin rama ne a suna. Ka bar shi yana yankan rama, ka dawo ka same shi zaune a gefen gona da ektara, 'yar ƙwaryar nan mai tsirkiya ɗaya, yana yi wa kogi waƙa. Waƙoƙin dai, in faɗi gaskiya, suna shiga jiki. Yakan sa sunansa a baitin ƙarshe kamar yadda mawaƙanmu ke yi, masu kwalekwale su ɗauka su wuce da su har inda shi bai taɓa takawa ba. Amma ban taɓa ganin ya shigo gida da ko tafin shinkafa saboda waƙa ba. Ƙwan agwagin Fuljan ne ya riƙe gidan.

Daga baya ya fara bin fakiran nan masu gudun duniya, masu fararen kaya, ya yi kwana biyu ya dawo, ya yi mako ya dawo. Wata tafiya da ya yi, lokacin Jorna tana tatata, shiru. Ƙaninsa Sekendar, mai sayar da taki a kasuwa, ɗan sahun gaba a masallaci, shi ya bi sawu. Ya dawo ido jajur da ƙunshin kayan Hekmot a hammata, ya ce amai da gudawa sun kashe shi a wani ƙauye, Notun Chor, can ƙetaren kogin Padma, an binne shi nan take don gudun cutar. Wa zai yi musu? Ga riga, ga zane, ga ɗan'uwa yana kuka da majina. Ni da hannuna na cire wa Fuljan barimar hanci da awarwaro, na ɗaura mata farin sari, dogon zanen matanmu, na takaba. Aka yi sadakar arba'in, aka ci shinkafa da kifi, aka watse.

Bayan 'yan shekaru dattawan gidan suka ce ta auri Sekendar, yarinya ta tashi a gidan ubanta. Ba wanda ya tilasta mata. Ta yi istihara, ta yarda, aka mayar mata da barima a hanci. Ta haifa masa Milon da Tuhin. Kuma kada in ci haƙƙinsa, Sekendar bai taɓa ɗaga mata hannu ba, shi ya ɗauki karatun Jorna har ta zama malamar firamare tana koyar da harshenmu. Ita Jorna ba ta san fuskar ubanta ba, don ko hoto ɗaya bai bari ba. Waƙoƙinsa ta riƙe. Duk inda ta ji mai kwalekwale ya kai baitin ƙarshe ya ambaci Hekmot, sai ta tsare shi ya maimaita mata har ta haddace.

Haka aka tafi shekara ashirin da 'yan kai. An sa ranar auren Milon da 'yar wani limami daga ƙauyen gaba, mutanen da sai sun bincika kakan kakanka kafin su sha ruwan gidanka.

Sai ga watan Fabrairu, watan da muke fita ba takalmi, riƙe da furanni, don tunawa da waɗanda suka mutu saboda harshenmu. Ina tsaka da suya na ji ihu daga rumfar mai shayi. Na ce shi ke nan, wani ya faɗa kogi. Ashe talabijin ce ta ambaci waɗanda za a ba lambar yabo ta ƙasa, marubuta da malaman jami'a da masu zane, sai a cikinsu aka ce marigayi Hekmot Pramanik na Hijolkandi, saboda waƙoƙin gargajiya. Hekmot fa! Mutumin da ko akuya ba a ba shi ajiya. Kafin la'asar duk tsohon da ya taɓa kiransa malalaci ya zama amininsa. Wani har cewa ya yi shi ya koya masa riƙon ektara. Na ce da shi, "Kai Gedu, ka ji tsoron Allah, kai da ko tafi ba ka iya ba?"

Jorna ce ta je Dhaka, babban birninmu, ta karɓa. Muka taru a rumfar mai shayi, mata a baya, muka ga yarinyarmu ta hau dandamali a gaban manyan ƙasa, an miƙa mata lambar zinariya. Fuljan ta toshe baki da gefen sarinta tana hawaye. Sekendar bai zo kallo ba, ya ce kansa ke ciwo.

Da Jorna ta dawo, ana ta shiga ana taɓa lambar, sai ta ce da Sekendar, "Baffa, gobe ka kai ni kabarin babana. Ina so ya san ƙasa ta tuna da shi."

Ina zaune a wurin. Sekendar yana naɗa pan, ganyen nan da muke taunawa kamar goro, zai kai baki, sai ganyen ya faɗi ƙasa.

"Wane kabari kuma? Ai kogi ya cinye wurin tuntuni."

"To in je in ga kogin."

"Mata ba sa zuwa maƙabarta."

"Ka ce kogi ya cinye ta, Baffa. Mata suna zuwa kogi."

Ya tashi ya shige ɗaki. Washegari ya ce zazzaɓi. Fuljan ta leƙo ta saman danga ta ce, "Yaya Jobeda, sauke kaskon nan ki raka mu. Ni ma ban taɓa tsayawa na yi masa addu'a a kansa ba." Na yi ta ƙunƙuni a kan gugguruna, amma na ɗauki mayafi.

Kwalekwale, mota, jirgin fito, sannan keken haya da ya kusa zubar min da haƙora. Notun Chor tana nan daram, kogi bai ko lashe ta ba. Muka tambayi kabarin Hekmot mawaƙi, aka nuna mana wani shingen fakirai a ƙarƙashin itatuwan mangwaro. Wata tsohuwa cikin fararen kaya, ba haƙori ko ɗaya, ta tarbe mu da ruwa. Da ta ji abin da ya kawo mu sai ta ce mu biyo ta, ko a jikinta.

A bayan rumfarsu akwai kaburbura a jere, an shafa musu farar ƙasa. Na ƙarshen a buɗe yake, an gina cikinsa da bulo, an ɗaga kwanon rufin da ake rufe shi an jingine. Wani tsoho yana ciki, tsaye, yana kwashe busasshen ganye.

"Ga kabarin," in ji tsohuwar, "ga kuma mai shi."

Tsohon ya ɗago. Gashi har kafaɗa, gemu fari fat. Amma kafaɗar hagu a sauke take, kuma tabon lauje yana nan a gira.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna daɓas a ƙasa. Na buɗe baki in yi ihu, ba abin da ya fito. Na yi wankan gawa ba adadi a rayuwata, ban taɓa jin tsoron mamaci ba sai ranar da na ga wanda na ci shinkafar arba'in ɗinsa yana share kabarinsa. Fuljan ba ta faɗi ba. Ta sandare a tsaye.

Jorna ta dube ni ta dubi uwarta. "Gwaggo, lafiya? Umma, mene ne? Ke kuma Iya tsohuwa, wane irin wasa ne wannan? Kabarin mahaifina na ce, Hekmot Pramanik."

Tsohuwar ta yi mata bayani kamar mai faɗin farashin albasa. A wurinsu, in mutum ya kai matsayi, malaminsa yakan sa masa likkafani yana da rai. A ɗaure masa ido, a zagaya da shi kabarin magabata, a yi masa kuka, a tuɓe masa tsofaffin kaya a ba shi sabon suna. Daga ranar ya mutu. Ba gida, ba gona, ba iyali, sai ƙoƙon bara da jiran ramin da ya haƙa wa kansa. Mun sha jin ana faɗin haka a kan mutanen nan, amma wa ya taɓa kawo wa ransa cewa nasa ne?

"Ƙaninsa ma yana nan ranar," ta ce. "Can ya tsaya, gindin mangwaron nan. Ya yi kuka, ya yi zagi, ya ce an jawo wa gidansu abin kunya. Da zai tafi ya ce a ba shi tsofaffin kayan, muka ba shi."

Jorna ta saki jakarta. Ta matsa bakin ramin, tana kallon tsohon tun daga gashi har ƙafa. "Umma," ta ce, murya can ƙasa, "shi ne?"

Ni a raina addu'a nake Fuljan ta ce a'a. Mu uku ne kawai, ba wanda ya biyo mu. Ta ce tsohon ya yi kama da shi ne, mu juya mu hau jirgi, Milon ya yi aurensa, kowa ya mutu da rufin asirinsa. Har ƙifta mata ido nake yi.

"Shi ne," in ji Fuljan. "Gaishe da ubanki."

Jorna ta durƙusa za ta taɓa ƙafarsa kamar yadda ake yi wa iyaye, sai ya ja da baya cikin ramin har ya bugi bulo. Ko sunanta bai tambaya ba.

Fuljan ta taka zuwa gabansa. Ban taɓa jin ta ɗaga wa namiji murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Baban Jorna, na yi maka takaba. Na auri ƙaninka. Na haifa masa maza biyu."

Ya lumshe ido ya gyaɗa kai, wai shi mai hikima. Da akwai ludayin suyata a hannuna da na ƙwala masa.

"Ka ji abin da na ce? Shekara ashirin da wani abu ina kwana a ɗakin wani da igiyarka a wuyana. Ban sani ba, Allah ne shaidata. Yanzu na sani. Ba abincinka nake so ba, ba dawowarka nake so ba. Sake ni."

Tsohuwar ce ta amsa a madadinsa. Ta ce ai ba zai yiwu ba, wanda ya sa likkafani ba shi da mata balle ya sake ta. In ya furta, ya yarda ke nan yana da rai, duk shekarun da ya yi sun zube.

"Ke tsohuwar banza, rufe mana baki!" Ni ce na faɗa, muryata ta dawo. "Mamacin da ke cin shinkafa sau biyu a rana? Kai Hekmot, ka dubi matar nan. Ɗanta zai auri 'yar limami. Ko liman ya ce yaran halas ne tunda ba da sani ta yi ba, ka san mutanen Hijolkandi. Har jikokinsu sai an nuna da baki. Kalma ɗaya ake roƙonka, ka buɗe baki mana!"

Ya sunkuya ya ci gaba da tsintar ganye. Wallahi tsintar ganye ya ci gaba da yi.

Fuljan ta zauna a bakin kabarin, ta zura ƙafafu ciki. Ta ce in ba zai sake ta ba to matarsa ce, nan za ta zauna, in ya mutu na gaskiya a haɗa su. Fakiran da ke rumfa suka fara taruwa suna kallo daga nesa.

Sai Jorna ta miƙe. Ta buɗe jaka ta fito da lambar, zinariyar tana ƙyalli a rana.

"Ka san mene ne wannan?" Ba ta ce Baba ba. "Ƙasa ce ta ba marigayi Hekmot. A gaban duniya na karɓa, ina kuka. Masu talabijin suna da lambar wayata, kullum sai sun kira. Yanzu zan gaya musu marigayin yana Notun Chor da ransa. Kafin gobe motoci sun cika wurin nan. Za su ɗauke ka a hoto, su kai ka Dhaka, su zaunar da kai a kujera su rataya maka wannan a wuya. Duk inda ka gudu, fuskarka tana jarida."

Nan ne na ga tsoro a fuskarsa. Bai ji tsoron hawayen matarsa ba, bai ji kunyar 'yarsa ba, amma da aka ce za a dawo da shi cikin masu rai sai ganyen hannunsa ya zube.

"Ko ka saki uwata ka ci gaba da mutuwarka, ko in kira. Zaɓi."

Ya dubi tsohuwar. Tsohuwar ta kau da kai. Ya yi gyaran murya, irin na wanda ya daɗe bai yi magana ba.

"Fuljan, na sake ki."

Muryar tana nan yadda na san ta, zaƙi da sanyi, ko tsufa bai taɓa ta ba.

"Cika," ta ce.

Ya cika sauran biyun.

Fuljan ta janye ƙafafunta ta miƙe ta kakkaɓe sari. Jorna ta mayar da lambar cikin jaka. Sai da muka fita shingen ta kama hannuna, hannun sanyi ƙalau, ta ce, "Gwaggo, tun ina yarinya nake roƙon Allah in ji muryarsa ko a mafarki. Kin ji abin da na fara ji ya faɗa." Na rungume ta kawai.

A jirgin fito, da muka kai tsakiyar ruwa, Fuljan ta dube ni. Ta ce, "Yaya Jobeda, ɗakin da kike ajiye buhuna, akwai wurin tabarma?" Na ce akwai. Ta ce idda za ta yi. Na ce Maman Jorna, ki yi tunani, in kika kwana gidana yau, gobe gari ya ɗauka, maganar auren Milon fa? Mu ce rashin lafiya ce, mu ce faɗa kuka yi, a kira liman a ɓoye a gyara. Ta ce ita ba za ta ƙara kwana ɗaya a kan ƙarya ba, ta kwana isassu. Na ce to bayan iddar fa, in Sekendar ya zo a sake ɗaura muku aure? Ta juya tana kallon ruwa.

Rana ta yi sanyi lokacin da kwalekwalen ƙarshe ya sauke mu a Hijolkandi. Mutane cike a bakin kogi, masu wanki, masu ɗibar ruwa, da 'yan zaman rumfar shayi. Sekendar yana tsaye a kan hanya, mai zazzaɓi ya warke, Milon a gefensa. Kallo ɗaya ya yi wa fuskokinmu ya gane. Bakinsa ya buɗe, ya miƙo hannu zai karɓi ƙunshin Fuljan kamar kullum.

Fuljan ta kama gefen sarinta ta ja shi ya rufe fuskarta har haɓa, yadda mace ke yi in ta haɗu da baƙon namiji a hanya. A gaban kowa, a gaban ɗansu. Masu wanki suka tsaya da wanki. Milon ya ce, "Umma?"

Ta juyo gefena, ta yi magana daga bayan mayafin, a hankali, amma ba wanda bai ji ba.

"Yaya Jobeda, ki ce wa mutumin nan ya matsa, mace za ta wuce."